Ki Bari Sai Bayan Biki

Ranar da Yaya Shulan ta ɗinke bakin aljihun wanduna tuli guda ba tare da ta lura ba, layinmu kaf sai da ya kwashe da dariya. Shugabar layi ta ɗaga wando ɗaya sama ta ce, "Wannan na marowata ne, ko mai shi ya so ba zai iya ciro kuɗi ba." Ita ma Shulan ta taya mu dariyar. Amma ni da keken ɗinkina yake kusa da nata na ga yadda ta kawo wandon dab da hancinta, tana karkata kai gefe kamar kaza. Ta fi shekara goma tana ɗinki a wannan kamfani na birnin Ningbo, ba a taɓa dawo mata da aiki ba sai ranar.

Ƙauyenmu ɗaya a lardin Henan, katanga ce kawai tsakanin gidan mijinta da na mijina. A ɗakin kwanan ma'aikata ma ita ke gadon ƙasa, ni ke na sama. Don haka ni na raka ta asibiti. Likita ya ce jijiyoyin bayan idonta ne suke yoyo. Na hagu ya riga ya tafi, babu abin da za a yi masa. Na dama kuwa za a iya riƙe ɗan abin da ya rage a cikinsa, muddin ana yi mata allura a cikin ƙwayar idon duk wata.

"In kika daina, zai bi ɗan'uwansa," in ji shi.

"Likita, ciwon gado ne? Ina da ɗa."

"Ba na gado ba ne."

Ta sauke ajiyar zuciya kamar an ce mata ta warke. Allurar tana da tsada ta fitar hankali, amma inshorar lafiya ta ma'aikata, wadda kamfani yake biya mata, ita ke ɗauke mafi yawan kuɗin. Aka ba ta hutun jinya, aka fara allura. Duk ranar da aka yi mata sai ta dawo da ido a rufe da auduga, tana tsokanata wai yanzu ta huta da ganin munina.

Da sanyi ya shigo sai Malama Lu, mai kula da ma'aikata, ta kira mu ofishinta. Mace ce marar yawan fara'a, amma ba ta da mugunta.

"Shulan, hutun jinyarki ya kusa ƙarewa, kwantiraginki kuma zai cika da Sabuwar Shekara. Ɗinki dai kin gama shi, ke ma kin sani. Amma ki je gida ki yo katin naƙasa. In kin kawo shi zan ƙara miki wa'adin kwantiragi, in mayar da ke wajen ninke kaya, inshorarki ta ci gaba. Ba alfarma nake yi miki ba, kamfani ma yana samun sauƙin haraji in yana da masu katin."

Shulan ta yi ta godiya har sai da Malama Lu ta kore mu. Katin ba wani abin wahala ba ne. Za ki je gundumar da aka yi miki rajista, ki kai littafin rajistar gidanku, likitansu ya duba ki, sannan a liƙa sunanki a allon sanarwa na ofishin ƙauye na 'yan kwanaki, ko akwai mai cewa ƙarya kike yi. Daga nan sai kati. Muka nemi izini, muka hau jirgin ƙasa tun kafin cunkoson Sabuwar Shekara ya fara.

Mun tarar da mijinta Dehai a tsakar gida yana gyaran baburinsa mai ƙafa uku. Uwarsa, wadda kowa ke kira Iya, tana bakin murhu tana ɓare tafarnuwa. Littafin rajistar yana cikin akwatinta, makullin kuma yana ɗaure a ƙugunta tun rasuwar mijinta.

"Baban Junhao, littafin nan nake so," in ji Shulan bayan an gaisa. "Gobe Fengying za ta raka ni gunduma."

"Sha kunu tukuna, kin sha hanya," in ji Dehai.

Ta sha kunun gero, ta sake tambaya. Dehai ya kunna taba ya kalli uwarsa.

Iya ba ta ɗago kai daga tafarnuwarta ba. "Wane allo za a liƙa ki? Wannan da tsofaffin banzan nan suke zama ƙarƙashinsa suna karta tun safe? Kin san wa ke sayar da awara a gabansa? Gwaggon yarinyar."

"Wace yarinya, Iya?"

Sai a lokacin suka gaya mata. Mai dalilin aure ta samo wa Junhao, ɗansu tilo, wata yarinya mai suna Yating daga ƙauyen ƙetaren rafi. Junhao ya haura talatin. An kai shi gani gidaje da dama, kowa ya dube shi ya ce zai yi shawara. Ƙauyenmu cike yake da tuzurai irinsa, 'yan mata duk sun tafi birni. Wannan ce ta farko da iyayenta suka ce a zo a yi magana.

Murna ta kama Shulan har ta manta abin da ya kawo ta. Ta shiga tambaya, doguwa ce, tana da aiki, ta iya girki. Ni ce na dawo da maganar.

"Iya, likita fa ya ce ba ciwon gado ba ne."

"Ke Fengying, bakinki ya fi almakashinku kaifi. Likitan naku ne zai bi gida-gida yana yi wa mutane bayani? Su dai za su ga an rubuta matar Dehai, ciwon ido. Kafin rana ta faɗi an ce makauniya ce, kafin gari ya waye an ce jikoki ma haka za su fito. Wa zai ba da 'yarsa ta zo ta yi jagora?"

"Ba hana ki muka yi ba, Maman Junhao," in ji Dehai da muryarsa mai sanyi. "Ki bari a yi baiko. Kwana nawa ne? Shekara nawa kina haƙuri, sai wannan ɗan lokacin ne zai gagare ki?"

Dehai bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ko ɗaga murya ba ya yi. Da ma mai faɗa ne da na san yadda zan yi da shi. Irin mutanen nan ne da za su hana ka abu suna zuba maka shayi, ka tashi kana jin kamar kai ne ka yi rashin kunya. Shulan ta sunkuyar da kai ta ce to.

Ranar baiko sai da suka yi mata bita kamar 'yar makaranta. Aka sayo mata tabarau mai baƙi-baƙi, aka zaunar da ita a kujerar da ke kusa da bango. Kada ta tashi, kada ta zuba wa kowa komai, in an miƙo mata abu Iya za ta karɓa. In an tambaya, a ce fitilun kamfani ne suka gajiyar mata da ido. Ta zauna a kujerar nan tun hantsi har baƙi suka watse, tana murmushi duk inda ta ji murya. Da yamma ta ce da ni, "Na ɗan gan ta, Fengying. Na ga jar riga da dogon gashi. In an ƙara mini allura biyu zan ga fuskar."

Hutu ya ƙare, na koma Ningbo ni kaɗai. Na roƙi Malama Lu, ta ja tsaki ta ce ta ƙara mata zuwa ƙarshen wata mai zuwa. "Iyakar ƙarfina ke nan. Ni ma akwai na sama da ni."

Na kira Dehai a waya na gaya masa.

"Madalla, ki yi mata godiya," in ji shi. "Sai dai kin san baiko ba aure ba ne. Bara 'yar gidan Kang ta fasa bayan baiko, aka dawo da kaya a mota kowa na kallo. Ki ce ta bari sai bayan biki."

"Yaushe ne bikin?"

"Mai duba rana ya ce watannin farko ba su dace da shekarar haihuwar yarinyar ba. Sai wata na goma."

"Yaya Dehai, wata na goma? Idon ne zai zauna yana jiran mai duba rana?"

"Haba Fengying. Ke ma uwa ce. In ɗanki ne fa?"

Ya kashe wayar a hankali, har da ce mini in gaida mutanen ɗaki. Wata ya ƙare, kwantiragi ya mutu, inshora ta bi shi. Aka ba wata yarinya 'yar lardin Sichuan gadon ƙasa. Ni na tattara kayan Shulan a buhu: bargonta, almakashinta, kofinta mai tsagaggen baki, da gilashin ƙara girman rubutu da ta saya a ɓoye tun kafin kowa ya san halin da take ciki. Na zauna a kan buhun na yi kuka, yarinyar tana tsaye tana jira in tashi ta shimfiɗa zaninta. Malama Lu ta wuce ta ƙofa, ta tsaya ta ce, "In ta kawo katin kafin kaka, zan nema mata sabon gurbi. Kada ki ce na yi alkawari."

Sai lokacin girbin alkama na samu zuwa gida. Na shiga da buhun, na tarar da Shulan a tsakar gida tana tsince gyaɗa da hannu, fuskarta na kallon sama.

"Wace ce?"

"Ni ce, Yaya."

"Matso ta nan gefen. Yawwa. Kin yi ƙiba ko inuwa ce?"

Tsakiyar idon ya rufe, sai gefe-gefe take ganin motsi. Tun da ta dawo sau ɗaya aka yi mata allura. Ba a yin ta a asibitin gunduma, sai an je Zhengzhou, babban birnin lardinmu, inshorar ƙauye kuma kaɗan take ɗauka. Da Dehai ya ga abin da ya biya, sai ya ce a dakata tukuna, duk abin da ke hannu ya shiga sadaki da gidan bene da aka kama wa ango a gunduma. Kuɗin da Shulan ta shekara da shekaru tana aikowa yana cikin ginin nan, amma ba wanda ya ambaci haka.

"Ai muna kula da ita," in ji Iya daga ɗakin girki. "Kullum sai na dafa mata hantar alade. Uwata da hanta ta yi maganin idonta, har ta mutu tana zura zare a allura. Ku 'yan birni komai sai an soke ku."

"Iya, da hanta tana magani da mahauta sun rufe asibiti."

"Ji ta! Je ki gidanki, mijinki yana can da yunwa."

Junhao ya shigo da yamma, ƙurar alkama a kansa. Yaro ne da na goya, marar hayaniya kamar ubansa. Na gaya musu saƙon Malama Lu a gabansa da gangan. Shulan ta ajiye tiren gyaɗar, ta miƙa hannu wajen da ta ji numfashinsa har ta kama rigarsa. Ban taɓa jin ta roƙi ɗanta komai ba sai ranar.

"Junhao, kakarka tana jin maganarka. Ka karɓo mini littafin nan. Ina jin idon yana tafiya, kullum na tashi sai na ga an rage mini wani abu. Jiya ban ga ƙofar gida ba. Ni ba wani abu nake so ba, in ga matarka, in ga ɗanka in an haifa."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya dafe ta.

"Mama, in Yating ta fasa, shi ke nan nawa ya ƙare. Kin san yadda ake kirana a garin nan? Ko yara tsokanata suke yi. Wata huɗu ne kawai, Mama. Washegarin biki ni da kaina zan kai ki."

"Ka gaya wa yarinyar gaskiya mana," na ce. "Mutum ce ita ma, tana da uwa."

"Inna Fengying, ba ki san mutanen ƙetaren rafi ba."

Shulan ta saki rigar. Ta shafa wurin da ta cukuikuye har ya miƙe, ta ce, "Je ka yi wanka, ruwa yana kan wuta."

Na ce mata mu je ofishin ƙauye mu biyu mu faɗi komai, ko littafin babu a nemo wata hanya. Ta ce in ta yi haka aure ya lalace, da wane ido za ta zauna a gidan nan, kuma wa zai yafe mata? Na ce ita fa, wa za ta yafe wa? Sai ta ci gaba da laluben gyaɗarta. Na koma bakin aiki zuciyata kamar ta fashe. Ina kiranta duk mako. Da farko takan ce tana ganin hasken taga da safe. Daga baya ta daina ambaton taga, ni ma na daina tambaya.

Wata na goma ya zo, aka yi biki na gani na faɗa. Motoci jere da jajayen furanni, wasan wuta har kunne ya toshe, tebura sun cika titi daga ƙofar gidan har bakin rijiya. An yi wa Shulan ado da jar riga, an gyara mata gashi, an mayar mata da tabarau. Ni na riƙe gwiwar hannunta kamar muna hira, na kai ta kujerarta kusa da Dehai.

Sai aka zo wajen shayin surukai, inda amarya take durƙusawa ta miƙa wa iyayen miji shayi, ta kira su Baba da Mama karo na farko. Wannan kam ba mai karɓar wa wani, Iya ma ta san haka. Yating ta durƙusa ta ba Dehai nasa, ya kurɓa, ya ba ta jan ambulan na kuɗi, aka yi tafi. Ta juyo ta ɗaga kofi da hannu biyu.

"Mama, ga shayi."

Fuskar Shulan ta cika da murna. Ta miƙa hannuwanta biyu, suka wuce ta gefen kofin, suka kama iska. Ta dawo da su, ta sake miƙawa, ta taɓo kafaɗar amarya. Mai ɗaukar hoto ya sauke na'urarsa. Wurin ya yi tsit, sai kukan wani jariri can baya. Yating ta ajiye kofin a cinyarta, ta kamo hannuwan surukarta, ta ɗora su a jikin kofin, ta riƙe tare da ita har ta kai baki. Mai gabatar da biki ya yi maza ya ce, "Kun ga uwa, hawayen murna ya rufe mata ido!" Aka yi dariya, aka yi tafi, kiɗa ya tashi.

A wajen cin abinci aka haɗa ni tebur da uwar amarya. Ta zuba mini miya, ta matso kusa ta rage murya.

"'Yar'uwa, ashe abin ya yi tsanani haka?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Ai tun ranar baiko muka gane ba ta gani sosai. Ina gaishe ta tana amsa wa bango. Muka koma gida muka tattauna, baban Yating ya ce ciwo ba a sayensa a kasuwa, yaron dai muke dubawa. Mun ɗauka ana yi mata magani. Da muka ga kuna ɓoyewa sai muka ce kada mu tambaya mu ba ku kunya. Kash, da kun yi magana! Ƙanena yana da mota, duk mako sai ya shiga Zhengzhou."

Na ajiye sandunan cin abincina, na tashi.

Ina fita sai ga Dehai, fuska ja da giyar dawa, fure a ƙirji. Ya tare ni yana fara'a.

"Kin gani, Fengying? Komai ya tafi lafiya. Haƙurin da kike raina wa ke nan. Mako mai zuwa sai ki raka ta a yo katin. An ce ma wanda ba ya gani gaba ɗaya har ɗan wani abu ake ba shi duk wata."

Ban zage shi ba, don ban sami zagin da ya kai ba. Ba wanda ya daki Shulan a gidan nan, ba wanda ya hana ta abinci. In ka tambayi ƙauyen kaf za su ce maka gidan mutunci ne, har hanta ake dafa wa suruka. Mutum uku ne suka zauna suka auna idonta da abin da masu karta za su ce, suka ga maganar masu karta ta fi nauyi. Kowannensu yana da hujjarsa, kowannensu ya ce kaɗan ya rage. Gida biyu suna ta rufa wa juna asiri kan abin da kowa ya sani, ita kuma tana zaune a tsakar gida haske yana ƙare mata. Na yi ta neman wanda zan kai wa ƙara a zuciyata, ban samu ba, don babu dokar da ta hana a ce wa mace ta ƙara haƙuri.

Na same ta a ɗakin baya ita kaɗai, an ajiye mata kwanon taliya ya huce. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ban gaya mata abin da uwar amarya ta faɗa ba, har yau ban gaya mata ba.

"Fengying ce? Zo ki ba ni labari. Kyakkyawa ce?"

"Kyakkyawa ce, Yaya. Tana da faɗin goshi, da ɗan tabo a haɓa. In ta yi dariya idonta rufewa yake yi."

"Hannunta da taushi. Yarinyar kirki ce, kin ji yadda ta riƙe ni?" Ta juya tabaran a hannunta. "Ban lalata musu biki ba dai ko?"

"Ba ki lalata komai ba."

"To Junhao fa? Lokacin da hannuna ya ɓata hanya, ya dube ni?"

Ina tsaye dab da shi a lokacin, na ga komai. Fuskar surukinsa yake kallo, yana so ya ga ko ya lura.

"Ya dube ki, Yaya," na ce.

Ta gyaɗa kai, ta lalubo kwanon taliyar, ta fara ci da sanyinsa.